Lesin ɗin da ya sa 'yata ta yi musu da Hajiya akan Bayajidda, ga abinda na gani bayan sati 6

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka koma makaranta mutane suke ta tambayata wai ya lesin ɗin da na kai yara da dogon hutun nan, ya ci kuɗinsa ko bai ci ba, wasu kuma sun ji ƙishin-ƙishin ɗin wai akwai wani malami a wajen da yake ɓata yara, to gaskiya na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa. Sunan wajen kam ba zan kama ba, ban nemi izininsu ba sannan akwai abinda zan faɗa wanda ba yabo bane, kuma kun san halin garin namu yanzu sai a ɗauki rabin magana a yi gaba da ita. A cikin Kano ne dai, gida ne aka mayar da ɗakunansa azuzuwa guda 4.

Yara biyu na kai, babbar tana SS2 shekararta 16, ƙaninta kuma JSS2 shekara 12. Dubu 30 kowanne na biya na sati 6, litinin zuwa alhamis, tara na safe zuwa ɗaya. Ni lissafi da turanci na kai su su yi wallahi, musamman ita da WAEC ke gabanta, ajin da suke kira tarihi da muhawara ko lura dashi banyi ba a jikin fom ɗin, na ɗauka irin cikon nan ne da ake sakawa dan takarda ta yi tsawo.

Sati na biyu muna cin tuwon dare, Hajiya mahaifiyata tana zaune akan dardumarta, ita kuma 'yar Daura ce gaba da baya, irin waɗanda in ka ce Daura sai sun gyara maka sun ce Daura ta Abdu tushen Hausa, kawai sai yarinyar nan ta ajiye cokali tace Hajiya ni kam in tambaye ki, in Bayajidda ne kakan Hausawa to su mutanen da ya tarar a Daura su waye? Da wane yare ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa? Maƙeran Gaya da suka ƙera masa wuƙa 'ya'yan waye? Hajiya ta kalle ta sama da ƙasa tace ke kishiya boko ya fara taɓa miki kai ne, Kusugu tana nan na sha ruwanta tun ubanki bai zo duniya ba. Budar bakin yarinya sai cewa tayi ai rijiya shaida ce akwai rijiya Hajiya, ba shaida bace akwai maciji. Ni dai sai da na ƙware da miya. Hajiya kuwa salati ta saka tana tafa hannu, da yake wasan jika da kaka ne abun bai yi nisa ba amma da na raka ta ɗakinta tace min kai ka san inda kake kai 'ya'yanka kuwa?

Da na titsiye yarinyar sai tace ai Malam mai ajin tarihi da muhawarar ne ya shigo aji ko sallama bai gama ba ya ɗauki alli ya rubuta a allo "Bayajidda bai taɓa zuwa Daura ba" ya ja kujera ya zauna yayi shiru. Aji ya kaure, wasu na cewa ƙarya ne wasu na dariya, ya bar su sai da suka gaji sannan yace duk wanda bai yarda ba ya zo da hujja ranar alhamis, wanda ya yarda ma ya zo da tasa, kuma "haka aka faɗa mana a firamare" ba hujja bace.

Washegari ban fita kasuwa da wuri ba, na wuce wajen da niyyar in yi faɗa in karɓo sauran kuɗina. Dattijo ne na tarar, ya manyanta, tsohon malamin sakandare da yayi ritaya, a Zariya ya karanta tarihi, ga wani tsohon mashin da ya jingine a zaure. Ya bari na gama zazzaga masa tas sannan yace Alhaji ka yi haƙuri ka dawo ranar alhamis ka zauna a baya, in ka ga abinda bai yi maka ba ni da kaina zan karɓo maka kuɗinka. Na koma kuwa. Abinda ya rubuta a allo ranar shine "Labarin Bayajidda gaskiya ne babu ƙari ko ɗaya", wato ya juya musu ita, waɗanda suka kwana biyu suna murna sun gano tatsuniya ce yanzu su ne aka tsare da tambaya. Gani ya kori ji, na zauna a benci kamar ɗan aji ɗaya ina kallon yara suna kawo abubuwan da ni kaina ban taɓa haɗa su waje ɗaya ba. Wani yace ance daga Bagadaza ya taso, Bagadaza kuwa a shekarar 762 aka gina ta, alhali masu tonon ƙasa sun samu alamar ana narka ƙarfe a dutsen Dala tun ƙarni na 7, kenan akwai mutane da sana'arsu a nan kafin a aza tubalin garin da akace ya fito. Wata tace ko a tarihin Kano ai Bagauda ya tarar da mutanen Barbushe ne suna bautar Tsumburbura, ba daji ya tarar ba. Ɗaya ɓangaren kuma suka ce ruwa baya tsami banza, ta yaya Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da Biram za su yarda Daura ce uwa in babu wani abu da ya faru, watakila labarin yana bada tarihin zuwan sabon gidan sarauta ne ba farkon Hausawa ba, tunda ance ma ta Borno ya biyo har ya auri 'yar sarki. Sai wata yarinya da iyayenta 'yan Kabi ne ta ɗaga hannu tace ita tambayarta ɗaya ce, waye ya raɗa mana suna banza bakwai, kuma da mu muka rubuta labarin su waye za su zama banza? Ajin yayi tsit. Malam yayi murmushi kawai ya rubuta tambayar tata a gefen allo yace wannan ita ce aikin gida.

Bayan an tashi ne yake gaya min wannan musun ba shi ya ƙirƙiro shi ba, Abdullahi Smith, baturen nan da ya musulunta wanda ya kafa sashen tarihi a ABU kuma ya kafa Arewa House a Kaduna, tun 1970 ya rubuta cewa labarin Bayajidda ba zai iya bayyana asalin Hausawa ba, garuruwan nan daga ƙauye suka girma suka zama gari suka zama birni mai ganuwa a hankali. Yace shi abinda yake so ba wai yaro ya yarda da Smith ba ne ko ya yarda da kakarsa, so yake in an faɗa masa magana ya iya cewa daga ina aka samo ta, wa ya faɗa, me zai amfana in an yarda.

Ban karɓi kuɗin ba. Hasali ma na sake komawa sau biyu dan kaina, kuma darasin da ya fi tsaya min a rai shine na zuwan Turawa. Ya fara da bayani ne a taƙaice, an ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903 lokacin Sarki Alu baya gari, an ci Sakkwato a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da jama'a mai yawa da niyyar hijira har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, shi kuma Waziri Buhari ya shawarci malamai ya dawo gari ya zauna da Turawa bisa sharaɗin ba za a taɓa addini ba. Tambayar ita ce a cikin su biyun wa ya fi yi wa jama'a adalci. To ga inda dabarar take, ba kai kake zaɓar ɓangarenka ba, takardu ya nannaɗe a cikin hularsa kowa ya ɗauka, aka yi minti 15 ana fafatawa, tawa ta faɗa ɓangaren Attahiru ta dage sai zuba take akan mutuwa da mutunci ta fi rayuwar ƙasƙanci, kwatsam ya buga tebur yace ku canza kujera. Kowa ya koma kare abinda yanzun nan ya gama rusawa. Na ga fuskarta kamar za ta yi kuka, ta yi shiru ta kai minti biyu tana cizon biro, can sai ta miƙe tace to waɗanda basu da doki fa, tsofaffi da masu goyo da makafi da ba za su iya tafiyar nan ba wa zai tsaya musu in duk manya sun tafi? Wani siririn yaro daga can gefe yace in da kowa haka yake lissafi ai Shehu ma da bai yi hijira zuwa Gudu ba a 1804. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, yara 'yan shekara 15, 16.

Da za a tashi suka taso shi a gaba sai ya faɗi nasa ra'ayin, ya ƙi ƙememe, yace ranar da na faɗa muku nawa kun daina neman naku kenan. Ni ma na gwada shi a zaure ya zille. Yace dokokinsa kaɗan ne, baya taɓa aƙida ko kaɗan, wannan na malaman islamiyyarsu ne da iyayensu, baya kawo ɗan siyasar da yake raye, baya raba aji ta ƙabila ko ɗariƙa, sannan wanda ya katse wani ko yayi gori an rage masa maki ko da hujjarsa ta fi ta kowa. Ya ce min a Jamus ma tun 1976 malamansu suka zauna suka yarda akan ƙa'ida, cewa haramun ne malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa, kuma abinda masana suke saɓani akai dole a kawo shi aji a matsayin abun saɓani ba a yanke masa hukunci a ɓoye ɗaya gefen ba. Su da suka ga abinda makarantun zamanin Hitla suka haifar ai sun san dalili.

Masu cewa wannan tsarin na Turawa ne aka kwaso mana, ni ma haka na ɗauka, sai da na ɗauki wata fotokwafi da yarinyar ta bari akan kujera da daddare. Wasiƙun Shehu Laminu na Borno ne, wato Alkanemi, da amsar Muhammadu Bello, Malam ya fassara musu wani yanki da Hausa. Bayan mutanen jihadi sun shiga Birnin Gazargamu a 1808 Alkanemi ya rubuto yana tambaya da wace hujja kuke yaƙarmu alhali muna sallah muna azumi muna zakka, in dan cin hanci ne da cin dukiyar maraya da fitar mata babu lulluɓi to waɗannan saɓo ne ba kafirci ba, kuma akwai irinsu a Masar da Sham babu malamin da ya kafirta su. Bello kuma ya amsa cewa matsalar ita ce sarkin Borno ya taimaki sarakunan Hausa akan jama'ar Shehu. Ni shekarata 40 da ɗoriya ban taɓa jin an yi wannan musayar ba, a makaranta dai an ce mana an yi jihadi an ci nasara shikenan a juya shafi. Abinda ya fi ɗaure min kai, wa ya adana mana maganar Alkanemin? Bello ne da kansa ya saka ta a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, bai ƙona ta ba bai ɓoye ba, ya kawo hujjar abokin gabarsa yadda take sannan ya bada amsa ya bar mai karatu ya auna. Ga kuma Abdullahin Gwandu, ƙanin Shehu, da ya ga yadda wasu suka koma neman mulki da dukiya ana tsakiyar yaƙin har ya bar rundunar ya nufi gabas sai a nan Kano aka tsayar dashi. Su da suka yi abun sun yi musu akansa a rubuce, mu jikoki ne muka mayar dashi abinda ba a tambaya. Har ƙarfe ɗayan dare ina zaune da takardar nan, maman yara tana tambayata lafiya.

Abun ya tuna min da zamanin da nake ABU ɓangaren Kongo ina karatun akanta, in muka ji marigayi Dakta Bala Usman zai yi lacca sai mu cika bas mu tafi Samaru ko da muna da tes washegari, ba wai dan mun yarda da duk abinda yake faɗa ba, sau da yawa ma rai a ɓace muke fitowa muna musu har hostel, amma dole sai ka je ka buɗe littafi ko dan ka ƙaryata shi. Waɗanda suka riga mu sun bamu labarin bayan kashe ɗalibai da aka yi a ABU a 1986 kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abinda ba shi ake biyansu su koyar ba, a 1988 kuma gwamnatin Babangida ta ɗauke Patrick Wilmot, wani malamin jami'ar, ta jefa shi jirgi zuwa Landan. Daga baya ma wajen 2009 sai aka cire darasin tarihi ɗungurungum daga firamare da ƙaramar sakandare, sai 2022 aka sanar da dawo dashi, to kaga akwai yaran da suka taso cikin shekaru 13 ɗin nan babu wanda ya zaunar dasu akan waɗannan abubuwan, su ne yanzu suke koyon tarihi a TikTok wajen wanda ya fi kowa iya zagi.

To yanzu bari in zo inda raina ya ɓaci, dan ba duka ne zuma ba.

Shi Malam ajin manya kawai yake ɗauka. Ajin ƙanana wani matashi aka ba, bai daɗe da gama digiri ba, da alama ya ga yadda ajin manya yake cika yana tashe shi ma yace bari ya gwada. A sati na huɗu ya shiga ajin su ƙaramin nawa yace Hausawa su koma dama Fulani su koma hagu, za a yi muhawara akan wa ya cuci wani. Yara 'yan shekara 11, 12 fa. Nawa kakarsa Badauriya uwarsa Bafulatana, ya tsaya a tsakiyar aji bai san inda zai nufa ba yara suna masa dariya, abokinsa da suke hawa adaidaita ɗaya kullum ya faɗa masa maganar da ba zan maimaita ba, irin wadda kuke gani ana yawo da ita a Facebook kwanakin nan. Ya dawo gida bai ci abinci ba, sai bayan isha'i ya samu uwarsa a kicin yace Umma wai ku ne kuka ƙwace mana sarauta? Ta rasa abin cewa sai hawaye. Da na je washegari shi matashin cewa yayi wai a YouTube ya ga wata malama a Amurka da ta raba ajinta ta launin ido a 1968 dan ta nuna musu zafin wariya, nace masa ɗan'uwa ita ma har yau ana sukar abinda tayi, kuma ita launin ido ta ɗauka wanda babu wanda ya taɓa zubar da jini akansa a garinsu, kai kuma ka ɗauko abinda yanzu haka ake rasa rai akansa a Zamfara da Katsina ka ajiye a gaban yara babu takarda ɗaya da ka basu su karanta, babu canza kujera, babu rufewa, ƙararrawa ta buga ka fice ka bar su da wutar. Shi tsokanar kawai ya hango, bai ga karatun shekara 30 da yake ƙarƙashinta ba.

Mai wajen ya bada haƙuri kam, amma sai bayan kwana biyu kuma sai da iyaye uku muka haɗu muka je tare, da farko cewa yayi ai yara ne za su manta. Malam ne da kansa ya shiga ajin ƙananan ya gyara ɓarnar, ya sa kowa ya je ya tambayo sunan kakanninsa huɗu da garin da suka fito, da aka rubuta a allo sai ga Barebari ga Buzaye ga Nufawa ga wanda kakarsa daga Agadas take, kusan babu wanda ya fito fes gefe ɗaya. Ya ɗan wanke abun amma yaron nawa har yau ba sa magana sosai da abokin nasa. Wannan laifin na masu wajen ne ba na kowa ba, in kana da aji irin wannan dole ka san wa ka ba alli, kuma dole ka gaya wa iyaye tun ranar rijista ga abinda za a tattauna, ba sai mutum ya ji a bakin tuwo ba. Gurup ɗin WhatsApp ɗin da suka buɗe mana banda tunin cikon kuɗi babu abinda ake turowa.

Sauran abubuwan kuma na yau da kullum ne. Zafi a ajin baya ba a magana, fanka ɗaya ce kuma in an ɗauke wuta sai anga dama ake tada janareta, ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi na watan Agusta kwatar ƙofar gidan ta cika sai da aka ɗora bulo yara suka tsallaka. Banɗaki ɗaya maza da mata, wannan kam bai dace ba ko kaɗan ga 'yammata masu shekara 16. Kuɗin fotokwafi daban ake karɓa duk sati wanda ba a faɗa ba da farko. Malam baya kallon agogo, in muhawara ta yi daɗi sai ɗaya da rabi, mai adaidaitan da na ɗauka musu har ƙarin kuɗi ya nema. Lissafin da na kai su dominsa kuwa ba yabo ba fallasa, tsofaffin tambayoyin jarabawa ake ta bi kamar ko'ina, malamar turanci dai tana da ƙoƙari tana duba rubutu da jan biro layi-layi.

Akwai kuma abinda har yanzu ban gama yanke hukunci akai ba. Yarinyar ta tambaye shi to in WAEC ko wata jarabawar ta tambayi Hausa bakwai me zan rubuta, yace rubuta abinda littafinku ya ce ki karɓi makinki, tambayar kuma ki riƙe ta a kanki. Wani ɓangare na zuciyata yace wannan ai koya wa yaro fuska biyu ne, wani ɓangaren kuma yace to me kake so ya ce mata, ta je ta yi musu da mai makin da bai san ta ba ta faɗi? Duk wanda yake sa ran ajin nan zai ƙara wa ɗansa maki kai tsaye gara ya sani ba dan haka aka yi shi ba, kodayake na lura rubutun insha'inta ya canza, da sai ta cika shafi da kame-kame yanzu kuwa magana take kawowa ta bi ta da dalili.

A gida kuma sai haƙuri, wanzami dama baya son jarfa. Rannan na turo wani saƙo a gurup ɗin gida akan wani magani da akace yana warkar da ciwon suga cikin sati ɗaya, ko minti biyar ba a yi ba ta biyo ni falo tace Abba wa ya rubuta, a wane asibiti aka gwada, shi mai maganar ba shi yake sayarwa ba? Na buɗe baki na rufe, na lallaɓa na goge saƙon. Sau ɗaya dai ta wuce gona da iri ta katse kawunta yana magana a gaban baƙi, na zaunar da ita nace ko a ajin naku ai rage maki ake yi, ta bashi haƙuri. Abinda nake tsoro da farko shine rashin kunya, kuma ba zan ce babu ɗigonsa ba a satin farko-farko lokacin da take ganin ta gano abinda manya basu sani ba, amma canza kujerar nan da ake sa su yi ita ta sauke mata kai, wanda aka tilasta masa ya kare abinda ya ƙi sau biyar sau shida da wuya ya riƙa yi wa mutane kallon wawaye.

Aikinsu na ƙarshe shine kowa ya samo tsoho ya ɗauki labari daga bakinsa, ita kuwa sai ta tafi wajen kishiyar tata da waya. Hajiya ta ja aji kwana biyu tace ba ke kika ce ƙarya bane, daga baya ta zauna ta bata labarin Daurama da Bagwariya da Karaf-da-gari da Bawo tiryan-tiryan yadda ta ji a bakin tata kakar, da waƙoƙin da suke yi in za su ɗebo ruwa suna yara, kusan awa ɗaya da rabi, akwai abubuwan da ni ɗanta ban taɓa ji ba. Yarinyar ta rubuta shi ta jera inda ya dace da na littafi da inda ya saɓa, Malam ya rubuta mata a ƙasa cewa ta adana rikodin ɗin nan waje biyu kar ya ɓata.

In dan ajin Malam ne kaɗai zan basu 9 cikin 10, wajen gaba ɗayansa kuwa 6 ma na yi musu kara. Babbar zan sake mayar da ita hutun Disamba in Allah ya kai mu, ƙaramin kuwa a'a sai ya shiga SS1, kuma ko a lokacin sai na tabbatar dattijon nan yana nan dan in ya bar wajen babu abinda ya rage sai fanka ɗaya. Mai niyyar kai nasa ya tambaya tun kafin ya yi tiransifa wa yake ɗaukar ajin ƙanana, ya nemi a bashi jerin batutuwan a rubuce, in da hali ya je ya zauna a bencin baya ko sau ɗaya ne, basa hanawa. Hajiya kuma ta kafe sai an kai ta Daura da jikar tata bayan sallah ta nuna mata Kusugu da idonta, wai in ta leƙa ciki ta ga ko za ta sake cewa babu maciji, ita kuma tace za ta je amma da littafinta da biro, man motar dai ni zan zuba.